Tallar Haja a Kafafen Sada Zumunta

Tallar haja a kafafen sada zumunta ita ce hanyar da 'yan kasuwa da kamfanoni suke bi wajen baje kolinsu a dandalin intanet irin su Facebook da Instagram da WhatsApp, domin su jawo masu saye, su kuma ci gaba da mu'amala da su bayan an gama ciniki. Al'amarin ya bunƙasa tun daga shekarar 2007, sa'ad da Facebook ya buɗe wa kamfanoni shafuka na musamman, sa'an nan a 2018 aka fito da WhatsApp Business saboda ƙananan 'yan kasuwa.

A Kano, alal misali, mai shago a Kantin Kwari yakan ɗauki hoton atamfa ko shadda ya ɗora tare da farashi, wata kuwa tana ɗakinta a Kaduna ta zaɓa, ta taya, ya sallama, ta tura kuɗi ta banki, a ba direban mota ya kai mata. Sai dai akwai illa wadda haƙiƙa ta cancanci lura, domin mai saye ba ya taɓa kayan da hannunsa, launi yakan saɓa wa hoto, kuma ƙorafin da aka rubuta a shafi yakan kasance a bainar jama'a.