Buɗaɗɗiyar Mota a Garejojin Sakkwato: Tarihin Gyara da Tsadarsa

Buɗaɗɗiyar mota, wato wadda ake naɗe rufinta a mayar da shi baya, ba ta taɓa yawaita a titunan Sakkwato ba. Wanda ya tsaya a shataletalen Runjin Sambo zai ga 'yan kabu-kabu da keke mai ƙafa uku da Golf da Corolla suna ta wucewa, ya daɗe bai ga irinta ko guda ba. Duk da ƙarancinta, labarinta ya ratsa tarihin kanikanci a birnin, kuma a jikinta ake ganin abin da ke sa gyaran tsohuwar mota ya yi araha ko ya gagari mai ita.

Sakkwato gari ne na mota tun da daɗewa, domin jirgin ƙasa bai iso shi ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, saboda haka duk kayan da za su shigo birnin ko su fita, fata ko gyaɗa ko hajar kanti, sai a bayan mota ko na dabba. Wannan ne ya haifar da direbobi da 'yan kamasho da makanikai tun zamanin Turawa. Yawancin makanikan farko a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta En'e da kamfanonin dillancin motoci suka koyi aiki, daga baya suka fita suka buɗe nasu garejin, suka ɗauki yara. Har yau akwai wurin da ake kira J. Allen a cikin birnin, sunan wani tsohon kamfanin sayar da motoci.

Buɗaɗɗiyar motar da mutanen wancan lokaci suka sani ita ce Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Rufinta tamfol ne da aka ɗora kan sandunan ƙarfe aka ɗaure da igiya. Idan ya yage, maɗinki ya ɗinke. Idan sanda ta karye, mai walda ya haɗa. Jami'an gwamnati sun yi rangadi da ita, daga baya kuma ta zama motar duba fareti, wadda gwamna yake tsayawa a bayanta ranar bikin 'yancin kai. Tun daga nan buɗaɗɗiyar mota ta zama abin fita ranar taro, ba abin hawan yau da gobe ba. Dalili a fili yake: a garin da zafi ke haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, hunturu kuma ya zo da ƙura, inuwa mutum yake nema a cikin mota.

Shekarun 1970 sun sauya fuskar sana'ar. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kafa jami'a a 1975, ma'aikata suka yawaita, bashin mota ya samu. A shekarar 1975 ɗin ce kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Fijo 404 da 504 da a-kori-kura suka cika gari, har makanike ya haddace su ciki da waje: kafireto, filogi, kuloci, giyabos, duk ya san inda ciwo yake da jin ƙarar inji kawai. Kamfanin ya ƙera 404 da 504 masu buɗaɗɗen kai a Turai, amma ba su cikin waɗanda ake harhaɗawa a Kaduna. Darasin da zamanin Fijo ya bari shi ne, motar da ta yi yawa a gari ita ce mai arahar gyara, don kayanta na nan a kowane shago, kuma kowane yaron gareji ya taɓa kwance irinta.

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai aka koma ga motocin gwanjo daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. A lokacin ana sauke su a tashar ruwan Kwatano, a haura da su ta Parakou da Malanville zuwa Gaya, wasu su shigo ta Kamba, wasu su bi ta Dosso da Birnin Ƙonni su faɗo Illela, wadda ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba. A cikin wannan ayari ne buɗaɗɗun motoci na zamani suka riƙa zuwa jefi-jefi: Marsandi SL da SLK, BMW, Peugeot 206 CC da 307 CC, sai Toyota Solara daga Amurka. Masu saye galibi matasa ne masu hali da masu sha'awar fita rakiyar ango ko yawon sallah. Abin da ke jan su shi ne farashi, domin tsohuwar buɗaɗɗiya ba ta da masu rububi. Ba a cika lura ba cewa an ƙera ta ne don bazarar Turai, kuma ta riga ta tsufa kafin ta hau jirgin ruwa.

Rufin ne farkon abin da ke ba da matsala. Na yadi, rana takan ƙona shi ya bushe, zaren ɗinki ya ruɓe, ya fara tsagewa daidai wuraren da yake naɗewa. Tagar baya, idan ta roba ce, sai ta koma rawaya ta dushe, ƙarshe ta fashe. Robobin da ke toshe tsakanin rufi da gilashi su ƙanƙance. A rani ba a gane ɓarnar, ƙura ce kawai ke shiga. Ita ƙurar kuwa tana taruwa a 'yan ƙananan magudanan da aka yi don fitar da ruwa ta toshe su, sai damina ta sauka a Yuni ko Yuli ruwa ya kwanta ƙarƙashin kafet, inda wayoyi suke, a wasu motocin ma har da na'urorin sarrafa wuta. Motar da aka kai gareji don yoyo takan ƙare a hannun mai gyaran wuta.

Mafi wuya shi ne injin da ke ɗaga rufin. Famfo ne na lantarki yake tura mai ta cikin siraran bututu zuwa silindojin da ke motsa sandunan, wasu 'yan makunnai kuma suna shaida wa kwamfutar motar cewa wannan sashe ya kulle, na gaba ya tashi. Marsandi SL da aka fara fitarwa a 1989 tana da irin waɗannan silindoji fiye da 10, kuma robobin cikinsu tare suke tsufa: a gyara ɗaya yau, ɗan'uwansa ya fara ɗiga bayan wata guda. A 206 CC da SLK, masu rufin ƙarfe mai naɗewa cikin but, makunni ɗaya da ƙura ta shiga ya isa ya tsayar da rufin a rabin hanya, ba gaba ba baya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tura rufin da ƙarfin tsiya, sanda ta lanƙwashe, ko a zuba man birki a madadin man da aka tanada, robobin su kumbura gaba ɗaya.

Sauran cututtukan irin na kowace tsohuwar mota ne, sai dai sun fi tsananta. Rashin rufi mai ƙarfi yana sa gangar jiki ta riƙa murɗewa a hanya mai ramuka, ƙofofi su saki, shokozoba da bushin su mutu da wuri. Dashbod da fatar kujeru su tsattsage. Inji kuma yakan yi zafi, kuma maganin da aka saba a garejojin Arewa shi ne a sauya lagireto da mai kauri, a cire na'urar daidaita zafin ruwa, a haɗa fanka kai-tsaye. Sauya lagireto yana da amfani. Cire na'urar kuwa a injin zamani yana ƙara shan mai, domin kwamfutar tana ɗauka injin bai ɗumama ba tukuna.

Kuɗin gyara kashi biyu ne, kuɗin hannu da kuɗin kaya, kuma a Sakkwato na biyun ne ke karya mai mota. Kuɗin hannu ciniki ne tsakanin mai gareji da mai mota, sanayya ma tana rage shi. Kaya kuwa ba sa jin lallashi. Abin da babu a Buzaye ko shagunan cikin gari sai a aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi. Idan famfon rufi ne, sau da yawa sai an jira wata irinta ta mutu an yanka ta, ko a yi oda daga waje da dala. Motar na iya yin watanni a ƙarƙashin dogon yaro tana jiran abin da bai fi tafin hannu ba. Solara ta fi sauƙi don injinta da ƙafafunta irin na Camry ne, rufin kaɗai ne baƙo.

Manufofin gwamnati sun ƙara wa lamarin nauyi. Tsarin motoci na 2013 ya ɗaga harajin shigo da su, a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya na fiye da shekara. An cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowane kayan gyara ya bi ta.

Saboda haka makanikai da masu ɗinkin kujera suka samo mafitarsu: a rufe rufin a kulle shi dindindin, a cire fis ɗin famfon, a ɗinka sabon tamfol a kan tsoffin sanduna, a toshe kafofin da gam. Motar takan ci gaba da tafiya shekaru a haka, sai dai idan aka zo sayarwa, farashinta bai kai na Corolla sa'arta ba.