Zafin ɗaki a gidajen Tambuwal da Kebbe

Zafin ɗaki matsala ce da ke ƙaruwa a Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, tun da bulon siminti da rufin kwano suka fara maye gurbin ginin ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40.

Soron gargajiya na tubali da azarar giginya yana da kaurin bango. Ƙasa kan shanye zafi a hankali, ɗaki ya wuni da sanyi. Aibinsa damina: yabe duk shekara, ga yoyo. Shi ya sa magidanci da ya samu hali yake kwashe rufin ƙasa ya ɗora kwano, sau da yawa ba silin, ba tagar da iska za ta ratsa. Da azahar ɗakin ba ya shiguwa, da dare iyali su koma tsakar gida, tsofaffi da jarirai su fi shan wuya.

Sauyin yanayi yana ƙara tsananta abin. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali.

Gyaran bai fi ƙarfin talaka ba: silin, tagogi biyu masu fuskantar juna, farin fenti a kan kwano, da inuwar dogon yaro a yammacin ɗaki.