Me ya haɗa baƙar giyar Dublin da dawar Arewa?

1/ Jama'a, ba talla ba ne, tarihi ne. Giyar da ake kira stout, baƙinta daga gasasshen sha'ir yake.

2/ A 1759 Arthur Guinness ya kafa masana'antarsa a Dublin. Wadda ake turawa nesa ta jirgin ruwa, ana ƙara mata ƙarfi da ɗaci don kada ta lalace a hanya. Irinta ce ta iso Najeriya.

3/ A 1962 aka gina masana'anta a Ikeja. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai aka koma dawa da masara.

4/ Shi ya sa ɗanɗanon ta Legas ya bambanta da ta mashayar Dublin. Manomin dawa kuwa ya samu sabon mai saye, ko ya sani, ko bai sani ba.