Daga Akushi Zuwa Leda: Mazubin Abincin Biki a Ƙasar Hausa

A zamanin da, akushi da ƙwarya su ne mazubin abincin biki, goro kuwa a ganye ake ƙunshe shi. Abin lura shi ne, galibin kayan nan aro ne daga maƙwabta. In taro ya watse a wanke a mayar, wanda ya fashe kuma ƙasa ta cinye shi. Kwano da langa da suka yaɗu a zamanin Turawa ba su rushe wannan tsari ba. Leda ce ta rushe shi, domin ba a aronta, ba ta kuma ruɓewa. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hana ta a 2014, amma har yau, kashegarin biki, magudanan ruwa ne ke karɓarta.