Daga Juji Zuwa Lambu: Tarihin Wuraren Shan Iska a Alƙahira

Shekara wajen 500 mutanen Alƙahira suka yi suna kwasar shara da ɓaraguzan rusassun gidaje suna jibgewa a bayan ganuwar gabas, wurin da ake kira Darassa. An zuba a zamanin Mamlukawa, an zuba a zamanin Turkawa, har jujin ya zama tuddai, ya haɗiye ganuwar da Salahuddin Al-Ayyubi ya sa aka fara ginawa a 1176. A wasu wuraren sai an haƙa mita 15 kafin a kai gindinta. Mutanen unguwar Darbul Ahmar, waɗanda gidajensu ke jingine da tuddan, su suka gāji ƙurar da warin, kaka da kakanni. Yau a kan wannan juji Lambun Azhar yake, kuma duk mai son sanin yadda birni ke raba inuwa tsakanin mai shi da mara shi, tarihin wurin zai ishe shi.

Ba haka birnin ya faro ba. Da Jauhar, kwamandan rundunar Fatimawa, ya kafa Alƙahira a 969, sai ya kewaye wani tsohon lambu, Bustanul Kafuri, ya shigo da shi cikin ganuwa. Amma birnin na halifa ne da fadawansa da sojojinsa. Talakawa da 'yan kasuwa suna can Fustat, kudu da shi. Tun ran gini tun ran zane: itatuwa suna inda mulki yake.

Azbakiyya ma haka ta faro. Wani amiri Bamamluke mai suna Azbak ne ya gyara wani tafki a wurin a ƙarni na 15, manya suka kewaye shi da gidaje, har Napoleon da ya ci Masar a 1798 a ɗaya daga cikinsu ya sauka. Daga baya aka cike tafkin. Khidiwi Isma'il, mai mulkin Masar, ya je baje kolin duniya a Paris a 1867, ya ga lambunan birnin, ya dawo da ƙudurin sai Alƙahira ta yi kama da su. Ya ɗauko Barillet-Deschamps, Bafaranshen da ya yi aikin lambunan Paris, ya tsara masa Lambun Azbakiyya, aka buɗe a 1872, da ɗan tafki da gadoji da itatuwan da aka kawo daga ƙasashe masu nisa. Gefensa gidan opera, kusa da shi otal-otal na Turawa. Lambun ya zauna daidai kan iyakar tsohon birni da sabo, amma fuskarsa sabon take kallo. Kuɗin irin waɗannan ayyuka bashi ne daga bankunan Turai, kuma bashin ne ya ci kujerar Isma'il a 1879, ya share wa Ingila hanyar mamaye ƙasar a 1882.

A wannan shekarar ce aka kafa kulob ɗin Jazira a tsibirin Zamalek, a filin da aka yanka daga lambunan Khidiwi. Hafsoshin Ingila da manyan ma'aikatansu suka samu filin folo da na sukuwa da na golf a tsakiyar Nilu, inda iska ta fi daɗi. Bamisire ba ya shiga sai in ɗan babban gida ne. Bayan juyin mulkin 1952 gwamnatin Jamal Abdunnasir ta yanki wani ɓangare na kulob ɗin ta mayar cibiyar matasa. Sauran ya ci gaba da zama na masu katin zama mamba, Turawa suka tafi, masu kuɗin gida suka maye gurbinsu. Har gobe wannan tsari ne ke riƙe da mafi kyawun filayen ciyawa a Alƙahira. Ɗan mai hali yana da inda zai yi gudu ya yi iyo a Zamalek ko Heliopolis ko Ma'adi, kuma kuɗin shiga mamba ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci nesa ba kusa ba.

Ita kuwa Azbakiyya, da ta zama ta kowa sai aka yi ta gutsurarta. Aka ratsa titi ta cikinta, aka yi gine-gine a gefenta, gidan opera ya ƙone a 1971 aka gina benen ajiye motoci a mazauninsa. Abin da ya fi fito da sunanta daga baya shi ne masu sayar da tsofaffin littattafai a jikin shingenta.

Ana cikin haka birnin yana kumbura. Mutanen karkara suna kwararowa, unguwannin da ba a tsara ba irin su Imbaba da Manshiyat Nasir suna tasowa bene kan bene, lungu ba ya wuce faɗin amalanke, babu wanda ya bar fili don bishiya. Ran Sallah, ko ran bikin Shammun Nasim da ake yi a farkon bazara, iyalai sukan ɗauki tabarma da kifin gishiri da albasa su cika gidan zoo na Giza, wanda aka buɗe tun 1891. Waɗanda ba su samu wuri ba su shimfiɗa a 'yar ciyawar tsakiyar titi, motoci na wucewa dama da hagu, ko su jera a kan gadar Ƙasrun Nil don iskar kogi.

A 1984 aka yi wani taro a Alƙahira kan bunƙasar birnin, inda Aga Khan na huɗu, shugaban Isma'iliyya a lokacin, wanda ke jan nasabarsa daga halifofin Fatimawa, ya yi alkawarin gina wa birnin lambu. Ƙiyasin da masu aikin suka riƙa ambata shi ne in aka raba korayen filayen birnin ga mazaunansa, rabon kowa ba zai wuce sawun ƙafa guda ba. Aka zaɓi jujin Darassa, hekta 30. Aikin ya ja, domin hukumar ruwa ta riga ta tsara gina manyan tankuna uku a wurin, kowanne faɗinsa mita 80, sai da aka gama su aka rufe su da ƙasa aka yi shuka a kansu. Tifa ta yi sawu fiye da 80,000 tana kwashe shara. Ƙasar da ta rage gishiri ya yi mata yawa, dole aka kawo wata, aka kafa gandun renon tsirrai don gwada wanda zai jure, aka dasa sama da 650,000. Ganuwar Salahuddin ta fito, tsawon kilomita ɗaya da rabi, da hasumiyoyinta da ƙofofinta. An kashe kimanin dala miliyan 30, aka yi bikin buɗewa a 2005, shekara 21 bayan alkawarin.

Abin da ya bambanta wannan lambu da na Isma'il shi ne maƙwabtansa. Yamma Darbul Ahmar, gabas maƙabartar da talakawa suka mayar gida, gaba kaɗan Manshiyat Nasir. Masallacin Azhar yana nan kusa, kuma ɗalibanmu da suka yi karatu a can sun san wurin sarai. Gidauniyar Aga Khan ba ta tsaya a ciyawa ba. Ta shiga Darbul Ahmar ta gyara gidaje, ta ba da ƙananan rance, ta koya wa matasa sassaƙar dutse da kafinta a wurin gyaran ganuwa, ta farfaɗo da masallacin Ummus Sultan Sha'aban da ginin Khayrbak. Dalilin a fili yake. Lambu mai kyau yakan ɗaga darajar filayen da ke kewaye da shi, kuma in ba a yi hattara ba haya ta tashi, waɗanda aka yi dominsu su zama na farkon barin unguwar.

Sai dai akwai ƙofa, akwai tikiti. An tsara lambun ya riƙe kansa da kuɗin shiga da na gidajen cin abinci da ke ciki, don kada ya lalace kamar na gwamnati, kuma an rage wa mazauna unguwannin kusa farashi. Hujjar tana da ƙarfi, ciyawa a hamada ruwa take sha kullum, masu ban ruwa da masu shara kuma albashi suke jira. Amma magidanci mai 'ya'ya biyar lissafi yake yi a bakin ƙofa. Lambun da ake biya wurin zuwa ne ran Juma'a ko ran Sallah, ba wurin da tsoho zai zauna kullum bayan La'asar ba, ko yaro ya ruga bayan an tashi makaranta. Babbar ƙofar ma tana kan titin Salah Salim, inda masu mota ke fakawa. A ganina Lambun Azhar ya warware matsalar nisa, bai warware ta aljihu ba, kuma ba laifinsa ba ne: kyautar mutum ɗaya ba za ta ɗauke wa hukuma nauyin birni mai mutum fiye da miliyan 20 ba.

Hukumar kuwa wata hanya ta bi. Daga 2019 zuwa 2020 aka sare itatuwa masu yawa a Heliopolis, aka kankare ciyawar tsakiyar tituna don faɗaɗa hanyoyi da gina gadojin sama, mazauna unguwar suna kuka. A wasu lambunan unguwa an ba da hayar fili ga masu gidajen shayi da shaguna. A 2023 aka rufe gidan zoo na Giza da Lambun Orman da ke kusa da shi don gyara, aka miƙa su ga kamfanoni, jama'a suka shiga tambayar nawa tikitin zai koma. Masu hali sun daɗe da ƙaura zuwa rukunin gidaje masu katanga da masu gadi a Sabuwar Alƙahira da Birnin Shaikh Zayid, inda ake tallar gida da hoton tafki da filin golf. Lambu mafi girma da gwamnatin Masar ke ginawa yanzu, wanda ake kira Koren Kogi, yana sabon babban birnin mulki, cikin hamada, kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira.