Kano a Ƙafa: Daga Dutsen Dala Zuwa Sabon Gari

Kanawa sun kasa garinsu gida biyu: cikin gari da waje. Cikin gari shi ne abin da badala ta kewaye. Waje kuwa shi ne duk abin da ya tsiro bayanta, tun daga Fagge har Sabon Gari da Nassarawa da Bompai. Zagayen ƙafa da ake yi don ganin wuraren tarihi yakan faro daga ciki ya ɓulle waje, tsarin da ya yi daidai da yadda garin ya ginu, domin baƙin farko a gindin Dala suka sauka, na baya-bayan nan kuwa sai a bayan ganuwa. Tafiya ce ta wuni guda. Mota ba ta da amfani a mafi yawanta, saboda lungunan cikin gari an yanka su ne daidai faɗin jaki da mangalarsa. Baƙo kuma ba ya rabuwa da ɗan jagora, ɗan gari wanda ya san lungun da ke ɓullewa da wanda ke ƙarewa a zauren wani.

Ana farawa da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi. An yi masa matakala ta siminti, hawansa bai fi 'yan mintoci ba. Daga samansa ana hango Goron Dutse a yamma, da koren tulluwar Babban Masallaci a kudu, da rufin kwano iya ganin ido inda a dā soraye ne na ƙasa. A gindin wannan dutse maƙera suka zauna suna narka tama, kuma binciken masana ya nuna ana wannan aiki a nan tun wajen ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, ya ba da labarin Barbushe, jagoran bautar Tsumburbura, da zuwan Bagauda, wanda lissafin Palmer ya ɗora farkon sarautarsa a shekarar 999. Bagauda kansa baƙo ne. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, sarakunan baya kuma suka riƙa faɗaɗa ta, musamman Muhammadu Rumfa da Muhammadu Nazaki.

Da an sauko, sai a shiga unguwanni, kuma a nan ne aikin ɗan jagora yake, domin babu wani babban gini da zai nuna. Abin da zai nuna shi ne sunaye. A Madabo Wangarawa suka sauka, malamai da fatake daga ƙasar Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji suka zo, tsakanin 1349 da 1385, su suka kawo masa Musulunci, ya naɗa wasunsu liman da ladan da alƙali. Wani rubutu na zuriyar Wangarawan kansu ya kawo zuwan nasu zamanin Rumfa. Ko wanne aka ɗauka, Madabo ta zama cibiyar karatun fiƙihun Malikiyya, kuma har yau akwai sarautar Babban Malami na Madabo. Sharifai kuwa unguwar zuriyar Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ce, malamin Tilimsan da ya iso Kano wajen 1492 ta hanyar Tuwat, ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Da zai tafi ya bar ɗansa, kuma shugaban zuriyar har gobe Sidi Fari ake ce masa.

Sauran sunayen ba su buƙatar tafinta. Agadasawa ta mutanen Agadas ce, Zangon Barebari ta fataken Barno, Tudun Nufawa ta Nufawa masu saƙa da ɗinkin riguna, Ayagi ta Yarbawan da suka zo fatauci a ƙarni na 19. Wanda ya shiga waɗannan unguwanni yana zaton zai ji ana yin Barbarci ko Nufanci zai sha mamaki. Hausa kowa ke yi, da karin harshen Kano tsantsa, kuma jikokin waɗannan baƙi su ne Kanawan da ake kira 'yan cikin gari. Sau da yawa sunan unguwar ne kaɗai ya rage yana ba da shaida, sai kuwa wata sana'a da gida ya gāda, ko wasan barkwanci da ake yi da maƙwabta.

Sunan da ya fi ruɗa baƙo shi ne Dandalin Turawa. Ba 'yan Ingila ko Faransawa ne suka zauna a nan ba. Kafin zuwan Nasara, Larabawan arewacin Afirka ake kira Turawa, kuma wannan unguwa ta attajiran Gadamus da Turabulus ce, waɗanda ke aiko da raƙuma ta Sahara ɗauke da alharini da takarda da turare da madubi da takubba, su koma da fata da hauren giwa da gashin jimina da bayi. Sun bar sawunsu a harshe: unguwar Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna, Alkantara kuma daga kalmar gada. Sun bar shi a tukunya ma. Gurasa da alkaki da alkubus, waɗanda yau ake ɗauka abincin Kanawa ne na gado, duk alkama ce da ake danganta sarrafa ta da gidajen Larabawan nan. Mai zagaye yakan tsaya a wannan yanki ya karya kumallo da gurasa bandashe, a barbaɗa mata ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa.

Duk waɗannan unguwanni kasuwa ɗaya suke kallo, Kasuwar Kurmi. Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta a bakin Jakara, inda a dā kurmi ne da masu bautar gargajiya ke girmamawa. Kafin shi hanyoyi sun riga sun buɗe: Tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja ne ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin Sarki Yakubu kuma Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga, gishirin Azbin ya wadata. Kurmi ce ta tattara wannan zirga-zirga wuri guda. Goro daga Gwanja, gishiri daga Bilma, kanwa daga Barno, duk a nan suke haɗuwa, ana ciniki da wuri. Abin da Kano ke bayarwa nata na kanta shi ne tufa da fata. Baƙin rini mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa a ka daga ƙasar Kano yake fita, jar fatar akuya da ke ƙetara Sahara kuwa ta shiga kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko, don ta can take bi.

Hugh Clapperton ya shiga wannan kasuwa a 1824. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, ya sauka a unguwar Dala, ya ƙiyasta mazauna birnin da dubu 30, ya ce adadin kan ninka a lokacin da fatake suka sauka. Ya lura kuma Jakara ta raba garin biyu: arewa ta Hausawa da fatake, kudu ta fada da Fulani masu mulki. Kurmi ta yau ta rage girma a harkar kuɗi, manyan kasuwanni sun koma waje, amma tsarinta na layi-layi yana nan: 'yan dukawa da jakunkuna da layu, masu kayan doki da sirdi da linzami da jalala, masu littattafan addini da alluna, masu turare, masu ƙwarya da faifai, masu maganin gargajiya. Rumfunan a matse suke har mutum biyu ba sa jerawa. Ɗan jagora na gaskiya ba ya tsallake wurin da aka riƙa sayar da bayi, cinikin da ya ci gaba a wannan kasuwa har zuwa 1903. Yawancin waɗanda aka kawo ta wannan hanya su ma sun narke cikin Kanawa, sai dai su ba a raɗa wa unguwa sunan ƙasarsu ba.

Daga Kurmi ana gangarawa kudu zuwa fada. A hanya sunayen unguwanni sukan canza launi: Yola da Daneji, gidajen zuriyoyin Fulanin da suka yi jihadi a ƙasar Kano, suka kawar da Sarki Alwali. Sulaimanu ya zama sarki na farko a sabon tsari, bayansa Ibrahim Dabo na Sulluɓawa ya hau a 1819, zuriyarsa ke riƙe da sarautar har yau. Gidan da suka shiga kuwa na Rumfa ne, ba su sake masa suna ba, ba su kuma yar da kakaki da figini da takalmin gashin jimina da ya ƙago ba. Mai ziyara yakan tsaya a filin Ƙofar Kudu, inda ake jafi ranar Hawan Daushe. Shiga ciki sai da izini. A ciki akwai Soron Ingila, zauren karɓar manyan baƙi, wanda bakan gizonsa da zanen bangonsa ke cikin mafi kyawun aikin maginan Hausa.

Babban Masallaci yana arewa da fada. Ginin da ake gani yanzu, mai hasumiya biyu, an buɗe shi a 1951 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a madadin tsohon ginin ƙasa. Gidan Makama kuwa yana daura da Ƙofar Kudu. An ce Rumfa ya zauna a cikinsa kafin ya hau gadon sarauta. Bayan sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sun yi amfani da shi, daga baya wani ɓangarensa ya zama makaranta, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. A nan ake ganin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da hotunan Kano na farkon ƙarni na 20. Ginin kansa ya fi abin da ke cikinsa daraja: katanga mai kauri ta tubali, rufin azara, da sanyin da ke tarar mutum ko da tsakar rana ce.

Mafita ita ce Ƙofar Mata, ta gabas. Dab da ita karofi yake, wanda allon da ke bakinsa ya ce an kafa shi a 1498. Ramuka ne masu zurfi, ana zuba ruwa da baba da toka da katsi, a bar su kwanaki su tsima. Marini yakan tsoma zane ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, domin iskar ce ke juya launin daga kore zuwa shuɗi, kuma yawan tsomi ne ke kawo duhu. A gefe masu bugu suna dukan zanen a kan gungume har ya yi sheƙi. Ramuka da yawa sun cike da ƙasa, kaɗan ke aiki, rinin kanti da yadin ƙasashen waje sun karya kasuwar. Haka badalar ma: an ci ta da gine-gine da ɗibar ƙasa, ƙofofi da dama kuma an rushe su an sake gina su da siminti don faɗaɗa titi, aikin da ya sauƙaƙa wa motoci amma ya bar mai zagaye da kwaikwayon abin da ya zo gani.

Da an fita ƙofa an shiga waje. Fagge ce ta fari, tsohon zangon da ayarin Buzaye ke sauke raƙuma, wanda ya girmi zuwan Nasara nesa ba kusa ba. Abin da ya sauya wannan ɓangare shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Turawa sun yi fatan auduga, manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa. Fataken goro na dā, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ne suka san ƙauyuka, suka zama masu sayen ta. Mafi shahara a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji wanda ya yi fataucin goro a ƙasar da ake kira Gana yanzu kafin ya dawo, ya rasu a 1955. Dalar gyaɗa ta ɓace tun bayan shekarun 1970, sai a hoto. Gyaɗar ce kuma ta jawo 'yan Labanan da Siriya, waɗanda Kanawa ke kira Kwara. Kantunansu na yadi su ne asalin Kantin Kwari, babbar kasuwar tufafi da 'yan kasuwa ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. Titin Beirut na nan kusa, yanzu ya zama matattarar masu sayar da waya.

Zangon ƙarshe shi ne Sabon Gari, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta yanka a 1913 don ma'aikatan jirgin ƙasa da akawu da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya da Saliyo da Gana. Titunansa a miƙe suke kamar an ja da zare, saɓanin lungunan birni, kuma sunayensu na garuruwan da mutanen suka baro ne, irin su Abeokuta da Enugu. Bambancinsa da Ayagi ko Tudun Nufawa a fili yake. Baƙin dā sarki ne ya ba su masauki a cikin ganuwa, suka yi auratayya, suka zama Kanawa. Na Sabon Gari kuwa doka ce ta ware su, da kotunsu daban, tsawon shekaru ba sa ƙarƙashin ikon sarki. Wannan rabuwa tana cikin abubuwan da suka share fagen tarzomar watan Mayu na 1953 da kashe-kashen 1966, lokacin da dubban Ibo suka bar garin. Da yawa sun dawo bayan an gama yaƙin basasa a 1970. Yau unguwar cike take da majami'u da otal-otal da shagunan kayan gyaran mota da magunguna, kasuwarta kuma, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, Bahaushe da Ibo da Bayarabe ne ke jere a rumfunanta, ana ciniki da Hausa.

Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba yakan ƙara da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, ko da yake daga Sabon Gari sai an hau adaidaita sahu. Gidan ƙasa ne mai bene da zane a goshinsa, inda Hanns Vischer ya zauna, haifaffen Suwizalan da ya ƙetare Sahara daga Turabulus zuwa Barno a 1906. Saboda ƙwarewarsa a harshen aka laƙaba masa Ɗan Hausa. A nan Nassarawa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, inda aka riƙa koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai karatu da rubutu da Hausar boko. Gidan yanzu yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano, ana buɗe shi ga masu ziyara.