Garin katako na Tabernas da kaboyin Nijar

A kudancin ƙasar Sipaniya, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Almeriya, akwai wani busasshen yanki da ake kira Tabernas. Mutumin Ollelewa ko na Tanut da ya sauka a wurin ba zai yi baƙunta da ƙasar ba: ga fako, ga ƙorama marar ruwa, ga ƙaya, ruwan sama kuma da wuya ya haura milimita 250 a shekara. Abin da zai ba shi mamaki shi ne wani gari da ke tsakiyar dajin, mai banki da kurkuku da mashaya da wurin ɗaure dawaki, amma ba a taɓa raɗa wa jariri suna a cikinsa ba. Garin silima ne, na katako.

An gina shi a shekara ta 1965 domin fim ɗin Sergio Leone, ɗan ƙasar Italiya, wanda masu kallo a ƙasashen renon Faransa suka sani da suna «Et pour quelques dollars de plus». Carlo Simi ne ya zana fasalinsa, Clint Eastwood kuma ya fito a matsayin jarumi. Dalilin zaɓen wurin a fili yake: ƙasar ta yi kama da yammacin Amurka, rana ba ta yankewa, lada kuma ba ta da tsada. Da kasuwar finafinan kaboyi ta ja baya, ba a rushe garin ba. An mai da shi wurin yawon buɗe ido, ana kiransa Mini Hollywood, ƴan wasa suna kwaikwayon fashin banki da harbe-harbe a gaban baƙi. A arewacin ƙasar kuma, a lardin Burgos, maƙabartar ƙarya da aka yi wa fim ɗin «Le Bon, la Brute et le Truand» a 1966 ta nutse cikin ciyawa shekara da shekaru, har sai da ƴan sa-kai suka fara tono ta a 2015.

A wannan shekara ta 1966 ɗin ce Mustafa Alasan ya fito da «Le Retour d'un aventurier», fim ɗin da ake ɗauka a matsayin kaboyi na farko a Afirka ta baƙar fata. Labarinsa gajere ne. Wani saurayi, Jimmy, ya komo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da malafuna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Kowa ya yar da sunan yanka ya ɗauki na silima: Jingarai Maiga ya zama Black Cooper, Zalika Sule ta zama Reine Christine. Suka hau dawaki, suka addabi gari da faɗa da sata, har wasa ya kai ga zubar da jini, dattawa suka rasa ta cewa. Alasan bai gina garin katako ba; bukkokin Nijar da dajinta su ne filin wasansa. Abin da ya dame shi shi ne yadda samarin da suka sha kallon majigi suke ara wa kansu rigar da ba tasu ba, alhali kayan aro ba ya rufe katara. Serge Moati ya ɗauki yadda aka yi aikin a wani fim mai suna «Les Cow-boys sont noirs».

Alasan ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya rasu a Wagadugu a 2015. Zalika Sule, wadda Rahmatu Keita ta nuna irin wahalar da ta sha bayan tashe a cikin fim ɗin «Al'lèèssi», ta rasu a 2021. Shaidun wancan zamani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne maganar ta shafi Damargu. Mutanen Almeriya sun adana gari na ƙarya saboda sun gane cewa ko ƙarya, in ta daɗe, tarihi ce ta waɗanda suka yi ta. Damargu kuwa tana da na gaskiya. Ta nan ayarin raƙuma ke bi tsakanin Agadas da Damagaram da Kano, suna yada zango a wurare irin su Jajiduna, suna sayen geron ƙasar. Ta nan tawagar Foureau da Lamy ta ratsa a 1899. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya karye, zanguna suka fara shiga mantuwa.

Adana irin waɗannan wurare ba sai da kuɗin Turai ba. Malamin tarihi da ɗalibansa suna iya zama gaban tsoho da na'urar ɗaukar magana, su rubuta sunan kowace rijiya da kowane kufai. Ƙungiyar raya al'adu tana iya neman fim ɗin Alasan ta haska shi a farfajiyar makaranta, a tattauna bayansa da Hausa. Katako, in ya ruɓe, kafinta zai sake shi. Tsohon da ya san inda ayari ke kwana, in ya tafi, babu kafintan da zai maido shi.